Sirdi Biyu a Doron Kobila

Borak, farkon Yuli, 1983

Zuwa ga maigidana Ekrem,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya zafin Iraki? Yaya bayan naka? Allah ya sa kana shafa man da na sa maka a akwati, ba ajiye shi ka yi kana kallo ba. Mu nan lafiya lau. Belma 'yarmu tana gari wajen Inna, mahaifiyarka. Haƙorin yarinyar na gaba ya fita, ta ce in ja maka kunne tun yanzu, kada ka yi mata dariya ran da ka dawo.

Na san za ka yi mamakin ganin sunan ƙauyenmu a saman takardar. Ba hutu na zo ba. Ofis ne ya turo ni awon ƙasa, kuma da zaɓi aka ba ni, da na gwammace in shekara ina awon magudanan ruwan gari.

Ka tuna doron nan da ya taso daga Sokolin, dutsen da ke bayan gidanmu, ya miƙe yamma har Medved, dutsen mutanen Lisina? A tsakiyarsa Kobila take, ƙaramin dutsen da muka hau shekarar aurenmu, kana haki Baba yana maka tsiya. Can bukkarsa ta bazara take, wadda suka gina shi da marigayiya Mama, ga idon ruwa kusa da ita. Tun ina yarinya tumakin Borak da na Lisina suke shan ruwan nan, ba wanda ya taɓa tambayar na waye.

Bana fari ya yi tsanani. Dusar ƙanƙara ba ta zuba sosai ba, ruwan sama kuma ya ƙi. Idanun ruwan da ke kan tudu duk sun ƙafe, saura na Kobila. Rana ɗaya garke biyu suka haɗu a bakin kwami, aka fara da baki, aka ƙare da sanduna. Fadil ɗan Kawu Nusret na Lisina ya karye a hannu. Ba wanda ya yarda shi ya doke shi, amma Baba yana wurin, kuma Kawu ya ce da ya ga dama da ya tsawatar wa samarin Borak. Tun ranar, mahaifina da yayan mahaifiyata ba su ƙara gaisawa ba.

Magana ta kai kotu. Abin mamaki, ƙauyukan biyu ba su saɓa ba a kan abin da kakanni suka bari: iyaka tana inda doron ya fi sunkuyawa tsakanin Sokolin da Medved. Dattawan nan da na can bakinsu ɗaya gaban alƙali. Sai dai doron wuri biyu ya lotsa, irin lotsawar da muke kira sirdi. Ɗaya tsakanin Sokolin da Kobila, ɗaya tsakanin Kobila da Medved. In na wajen Medved ne ya fi ƙasa, Kobila tamu ce. In na wajenmu ne, ta Lisina ce. Ido ba ya raba gardamar. Wanda ya tsaya a Borak zai rantse na can ya fi zurfi, wanda ya tsaya a Lisina zai rantse na nan.

Alƙali ya ce a auna. Shugabanmu na ofis ya so ya tura wani, sai wakilan ƙauyukan biyu suka ce ni suke so. Mutanen Borak sun ce 'yar Rasim ce. Mutanen Lisina sun ce 'yar Ramiza ce, jininsu. Kowa yana ganin ya sami ta gida. Na ce wa shugaba wannan ba daidai ba ne, ya ce tun da sun yarda da ni yanzu, ba su da bakin ƙin abin da na samo. Shi bai taɓa zaman ƙauye ba.

Baba ya tarbe ni da gasasshen ɗan rago, kamar wata baƙuwa. Ya tsufa, Ekrem, gwiwar nan ta matsa masa. Bai tambaye ni komai a kan aikin ba. Da yamma dai ya tsaya bakin ƙofa yana kallon tudu, ya ce ko makaho ya san Kobila ta wa ce, amma tun da gwamnati tana so ta motsa ƙafar 'yarsa, ba laifi.

Ka taya ni da addu'a. Ka riƙa cin abinci, kada ka dawo min kamar sandar awo.

Taka har kullum,
Senada

Kobila, tsakiyar Yuli

Maigida,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, aiki yana sauƙi. Takardarka ba ta iso ba tukuna, wataƙila tana gari wajen Inna. Wannan kuwa mai ɗaukar cuku zai sauka da ita ranar kasuwa, in ta iso ka tana warin tumaki ka san dalili.

Ka san awon nan sai da mutum biyu masu riƙe sanda, ɗaya gaba ɗaya baya, ni a tsakiya da na'urar mai ƙafa uku. Alƙali ya ce kowane ƙauye ya ba da mutum ɗaya, don kada a ce an yi rufa-rufa. Borak suka ba da Baba. Lisina suka ba da Kawu. Ga ni nan tsakanin tsofaffi biyu da ba sa magana da juna, kowa ya rungumi sanda mai lambobi kamar tutar yaƙi aka ba shi.

Safiyar da muka fara, maza daga ƙauyukan biyu suka hau kallo, kowane ɓangare ya tsaya gefensa. Wani ya ce ai Kobila ta fi kusa da Medved, wani ya ce ai Sokolin ya fi tsawo, shi ne babba. Na ce musu ba kusa ake dubawa ba, ba kuma wanda ya fi tsawo ba. Na ce su ƙaddara ruwan ɗufana ya dawo yana hawa a hankali. Zai ci ƙauyuka, ya ci daji, har ya iso doron. Sirdin da ya fi ƙasa shi zai fara nitsewa. A lokacin Kobila ta rabu da dutse ɗaya, amma mutum zai iya takawa daga kanta zuwa ɗayan ba tare da ya jiƙa takalmi ba. Wanda ta rage a jikinsa, shi ke riƙe da ita. Safet shugaban ƙauyenmu ya tambaya, to ita Kobila ba dutse ba ce mai zaman kanta? Na ce tsayin da dutse ya mallaka na kansa daga sirdin da ya ɗaure shi da babba ake duba shi, kuma in an duba haka, Kobila kafaɗa ce kawai, abin da muka zo nema shi ne kafaɗar wa.

Liman ya gyaɗa kai. Baba kuwa ya ce, “To mu zauna mu jira ɗufanar mana, dama ai ruwa muke nema.” Duka ɓangarorin suka yi dariya. Kawu ya juya baya yana gyaran hula, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Aikin yana tafiya a hankali, don in rana ta take iska rawa take yi cikin madubin, ba na iya karanta lamba. Sai da safe da kuma la'asar. Ranar farko na kama Baba yana ɗan kishingiɗa sandarsa, na kama Kawu ya ɗora tasa a kan wani ɗan dutse da ya tura da ƙafa. Abin da ya fi ba ni dariya, ba wanda ya san ko wayon nasa taimakonsa yake yi ko cutarsa. Na tara su na ce in na ƙara gani, naɗe kayana zan yi, a turo musu baƙo daga Sarajevo. Suka sunkuyar da kai kamar 'yan makaranta. Ban taɓa yi wa Baba magana da irin muryar nan ba, sai da na ji kunya daga baya.

Ta bakina suke magana. Baba ya ce in gaya wa kawuna ya daina tsayawa a karkace kamar shingen Lisina. Kawu ya ce in gaya wa mahaifina in ba zai iya ɗaga sandar ba, a kawo masa tsintsiya. Ina tsakiya, su kuma suna jin juna sarai. Lokacin cin abinci kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Matar Kawu tana aiko masa da pita, gasasshen naɗin fulawar nan mai cuku a ciki, irin naɗin da Mama take yi. Yakan miƙo min biyu ya ce ɗaya tawa, ɗaya kuma in ba kare in na ga dama. Baba yakan karɓa ya cinye.

Jiya muka iso wani wuri mai tsayi da tsakuwa mai zamewa, kuma Baba ne ya kamata ya yi gaba. Kafin in yi magana Kawu ya wuce shi da sauri, ya ce in gaya wa tsohon nan ya tsaya inda yake, kada ya mirgina ƙasa a ce mutanen Lisina ne suka tura shi.

A bukka nake kwana. Akusan katakon Mama suna nan inda ta bar su, har ƙusar da take rataya gyalenta. Kullum da safe Baba yana zuba gahawa a ƙofa, yana kallon tumakinsa suna gangarawa kwami.

Ekrem, ban gama ba, amma mai awo yana jin inda lissafi ya dosa tun kafin ya rufe shi. Ba na son inda ya dosa. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Ka gaida abokan ɗakinka.

Matarka,
Senada

Borak, Agusta

Ekrem nawa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya. Takardunka biyu sun iso tare, na karanta su har sun fara yagewa a ninki. Ka ce in yi abin da na iya, sauran in bar wa Allah. Na yi.

Sirdin wajenmu ne ya fi ƙasa. Bambancin bai fi tsayin Belma ba. Kobila ta Lisina ce.

Kafin in sanar da kowa na ja Baba gefe, bayan bukka, na gaya masa. Ya daɗe yana kallon sirdin. Sai ya ce, “Sena, ba za ki sake dubawa ba?” Na ce dama ƙa'ida ce a koma da baya a rufe awon inda aka fara. Muka koma, mu ukun, tun daga can har nan. A wannan dawowar ba wanda ya yi tsiya, ba wanda ya aiko ni da saƙo. Baba ya riƙe sandarsa tsaye cak. Abin da na samu da farko shi na sake samu.

Kawu ya gane tun kafin in faɗa. Bai yi murna a gabanmu ba, wannan kam zan shaida masa. Ya jingina sandar da bukka, ya ce a sauka lafiya, ya tafi.

Da muka sauko, Safet ya zo gida da dattawa biyu. Aka sha gahawa, aka yi zancen fari, sannan ya shigo da abin da ya kawo shi. Ya ce ba ya ce in yi ƙarya ba ne, amma na'ura ai mutum ne ya ƙera ta, kuma tsayin yarinya a kan dutse guda ba wani abu ba ne da ba za a iya cewa kuskure ba. In na rubuta cewa sirdin biyu daidai suke, alƙali zai raba Kobila biyu, kowa ya huta. Ya lissafo min gidajen da ba su da abin yi sai tumaki, ya ambaci gwauruwar nan Zumra da 'ya'yanta. Gaskiya ya faɗa game da su, shi ya sa maganar ta yi min nauyi. Na ce masa ba daidai suke ba, kuma mutanen Lisina ma yarda suka yi da ni. Ya juya wajen Baba ya ce, “Rasim, 'yarka ce, ka yi mata magana.”

Baba ya ce, “Ni na riƙe sandar.” Ya tashi ya fita wajen tumaki.

Kada ka ɗauka ya goyi bayana ne har zuciya. Tun ranar ba ya min magana sai ta dole. In na dafa tuwon masara na zuba masa man shanu da cuku yadda yake so, yakan ci kaɗan ya ture. Ba faɗa, ba zagi, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

An karanta hukunci makon jiya. Matan da suka goya ni sun daina amsa gaisuwata a bakin famfo. Wata ta ce a bayana, yadda zan ji, dama nonon Lisina ta sha. Na wuce ban waiga ba, amma da na shiga ɗaki na yi kuka sosai. Na yi ta tunanin Zumra. Na san abin da na rubuta daidai ne, amma hakan bai sa tumakinta sun sha ruwa ba. Yanzu sai an kora garke har kogi a kwari, a dawo da su, suna ramewa a hanya.

Ofis sun ce in koma. Na nemi a ƙara min kwanaki, akwai abin da nake so in duba a kan tudun. Ba zan faɗa ba tukuna, kada in sa maka rai a banza.

Ina kewarka ƙwarai. Ka sa Baba a addu'a.

Taka,
Senada

Borak, ƙarshen Satumba

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan zafi ya fara sauka a wajenku. Nan sanyi ya fara leƙowa, an ga fari-farin dusar ƙanƙara a kan Medved. Belma ta shiga makaranta, Inna ta ce ranar farko ta gyara wa malama sunanta.

Ga abin da na ɓoye maka. Lokacin awo mun bi ta gefen idon ruwan, na lura ya fi sirdinmu tsayi, kuma gangaren daga can zuwa nan bai katse ba. Ruwan da ya cika kwami malala yake yi cikin duwatsu ya ɓace. Na koma ni kaɗai na bi gangaren na tabbatar: in aka shimfiɗa bututu, rarar ruwan za ta gangaro da kanta har sirdin, ta faɗo a ƙasar Borak.

Amma ruwan na Lisina ne yanzu, sai sun yarda. Na gaya wa Baba, ya ce shi ba zai roƙi kowa ruwan da ya sha tun kafin a yaye shi ba. Sai na tafi Lisina da ƙafata. Kawu ya saurare ni har na gama. Fadil yana gefe da hannunsa da bai gama miƙewa ba, ya ce su da aka karya su ne kuma za su ba da ruwa? Ban ga laifinsa ba. Kawu ya ce masa hannunsa zai warke, amma in tumakin Borak suka mutu, 'ya'yansa da jikokinsa za su gaji maƙwabta masu jin yunwa. Sai da suka yi zama uku a masallacinsu, da ƙyar aka shawo kan samari. Sharaɗinsu biyu: sai kwaminsu ya cika, kuma ko tunkiya ɗaya ta Borak ba za ta ƙetare sirdin ba.

An shimfiɗa bututun. Ruwan ba yawa, kaurin babban yatsa, amma ba ya tsayawa. Ciyawar Kobila kuwa ta tafi ke nan. Abin da ya rage a gefenmu ba zai ɗauki dukan garken ba, kowa sai ya rage. Baba ya sayar da kusan rabin nasa. Ya zaɓe su da hannunsa, bai bi su kasuwa ba. Zumra ta fara amsa gaisuwata. Safet har yanzu in ya hango ni sai ya tuna yana da abin yi a wani lungu.

Saura bukka. Kawu ya aiko cewa mijin Ramiza ba baƙo ba ne a Kobila, ya bar bukkarsa inda take har ƙarshen ransa. Baba ya ce a gaya masa ya gode, amma ba zai kwana da izinin wani a ɗakin da ya sassaƙa da gatarinsa ba. Ya hau ya fara kwance ta gungume bayan gungume, yana yi wa kowanne alama don ya san mazauninsa. Na bi shi ina taya shi, bai kore ni ba, bai kuma yi min magana ba. Ina ta tunanin yadda tsoho mai ciwon gwiwa zai kwashe wannan katako zuwa sirdi.

Kashegari da hantsi sai ga Kawu da dawakai biyu. Bai yi sallama ba, ya fara ɗaure gungume. Baba ya tsaya yana kallonsa, can ya ce, “Nusret, ba haka ake ɗaurewa ba, za ka karya min dokin mutane.” Kawu ya ce, “Dokina ne, tsoho, in na karya shi ni na sani.” Ka lura, ba ta bakina suka yi ba. Haka suka wuni suna kai da kawowa, suna musu a kan igiya, a kan hanya, a kan wanda ya fi wani tsufa. Da aka zo kan akusan Mama, Kawu ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya ce mahaifinsu ne ya sassaƙa mata shi. Sai na ba su wuri.

Da katakon ya taru a sirdi, kusa da sabon kwami, Baba ya yi ta zagaya filin yana taka ƙasa da dunduniya. Ina naɗe kayana, don washegari ya kamata in sauka. Sai na ji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Sena, ɗauko abin nan naki ki duba min wurin nan. Ba na son ɗakin uwarki ya zauna a karkace.”

Na kafa na'urar. Sai da na goge idona sau biyu kafin in iya ganin lamba. Shi ya riƙe sanda ɗaya, Kawu ya riƙe ɗaya, na ce kusurwar gabas tana bukatar dutse. Baba ya ce in na ce haka, haka ne, ya je ya ɗauko.

Mun ɗora gungumen farko kafin rana ta faɗi. Na ƙara kwana biyu, sai an yi rufi zan sauka, ofis su yi haƙuri. Baba ya ce in gaya maka in ka dawo akwai sauran aikin ƙofa yana jiranka, kuma sabon wurin bai kai Kobila tsayi ba, ba ka da hujjar haki.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Belma da Inna suna gaishe ka, Kawu ma ya ce a gaida surukin.

Matarka mai ƙaunarka,
Senada